Toma Galodet, Abokin Kurame

Ya kai ɗan'uwana mai karatu, ko ka riga ka karɓi baftisma, ko kana ajin masu neman sanin hanyar Almasihu tukuna, ina so ka natsu ka karanta wannan labari. Garinku bai rasa kurma ba. Ka kuwa san yadda a kan yi da shi. Yara su kan bi shi da tsokana, manya su kan bar masa ɗiban ruwa da kiwon awaki, ran da aka zo rubuta sunayen yara domin makaranta kuwa sai a tsallake shi, kamar ba a haife shi a gidan ba. Ba wanda ya taɓa gwada hankalinsa, amma kowa ya riga ya yanke masa hukunci. Mutumin da zan ba ka labarinsa ya ƙi yanke wannan hukunci sai da ya gwada, kuma a kan gwajin nan guda Allah ya gina aikin da albarkarsa ta kai har ƙasarmu.

1. Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Toma Galodet a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka ran 10 ga Disamba, 1787. Kakanninsa na wajen uba mutanen Faransa ne, waɗanda suka bar ƙasarsu sabili da tsananin da aka yi musu a kan bangaskiyarsu. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya 12. Yana da kamar shekara 13 iyayensa suka ƙaura zuwa Hatfod, wani gari a jihar Konetikat, can kuwa ya yi yawancin zamansa na duniya.

Allah ya ba shi kaifin hankali, amma bai ba shi ƙarfin jiki ba. Ƙaramin mutum ne, mai yawan laulayi, ƙirjinsa ya kan dame shi tun yana yaro har tsufansa. Ya gama kwalejin Yel a 1805 yana da shekara 17, yana cikin na gaba a ajinsu. Bayan wannan ya yi shekaru yana neman inda zai sa kansa. Ya taɓa karatun shari'a, ya bari. Ya koyar a Yel, ya bari. Ya shiga fatauci, shi ma bai daɗe ba. Daga bisani ya shiga makarantar tauhidi ta Andoba domin ya zama mai wa'azin bishara, ya gama a 1814. Ikilisiyoyi suka neme shi ya zama fastonsu, amma rashin lafiya ya hana shi karɓa. Sai ya koma gidan iyayensa a Hatfod, yana da shekara 26, da ilimi cike da kai, ba shi kuwa da aikin da zai ce nasa ne.

Ka lura da wannan, gama wataƙila kai ma kana ganin kanka ba ka isa kome ba a cikin aikin Ubangiji. Raunin da ya hana Galodet hawa bagadin wa'azi shi ne ya zaunar da shi a ƙofar gida, daidai wurin da Allah ya shirya masa aikinsa.

2. Yarinyar da ke tsaye ita kaɗai

Maƙwabcinsu wani babban likita ne mai suna Mesan Kogswel. Yana da 'ya, sunanta Alis, wadda aka haifa a 1805 da jinta sarai. Tana da shekara 2 wani mugun zazzaɓi ya kama ta, irin wanda likitoci su ke ɗauka sanƙarau ne. Ta tashi daga ciwon, amma kunnuwanta sun mutu, 'yan kalmomin da ta fara koya kuma suka ɓace mata ɗaya bayan ɗaya.

An ba da labari, wata rana a 1814 Galodet yana kallon ƙannensa suna wasa da yaran unguwa, sai ya hangi yarinya 'yar shekara 9 tana tsaye waje ɗaya, ba mai kula da ita. Da ya tambaya, aka gaya masa kurma ce. Yawancin mutane a nan za su girgiza kai, su ji tausayi, su wuce. Shi kuwa ya tashi ya je wurinta. Ya cire malafarsa ya nuna mata, ya ɗauki tsinke ya rubuta sunan malafa a ƙasa da Turanci, haruffa 3 kaɗai. Ya nuna malafar, ya nuna rubutun. Ya sake, ya kuma sake, yana ɗaga malafar yana ajiyewa kusa da rubutun, ba tare da ƙosawa ba. Can sai fuskar yarinyar ta washe. Ta gane cewa zanen nan na ƙasa yana tsaye a madadin abin da ke hannunsa, watau abubuwa suna da sunaye, sunayen kuwa ana iya ganinsu da ido.

Wannan shi ne gwajin. Ba shi da wani kayan aiki sai malafa da tsinke da haƙuri. Amma ya nuna abin da mutane da yawa na zamanin ba su yarda da shi ba, cewa ciwon da ya toshe kunne bai taɓa hankali ba. Hanya ɗaya ce ta rufe, watau ta ji, hanyar gani kuwa tana nan a buɗe. Mu Hausawa mu kan ce gani ya kori ji, ga kurma kuwa gani shi ne jin.

A lokatan da suka wuce waɗansu sun karanta Romawa sura 10, inda manzo Bulus ya ɗaura bangaskiya a kan jin maganar Almasihu, suka zaci kurma ba shi da rabo a ciki. Galodet bai karanta shi haka ba. Ya ga cewa abin da manzon ke nufi shi ne saƙon ya isa zuciya, ko ta kunne ko ta ido. Abin da ya fi damunsa game da Alis shi ne, ga rai madawwami a gabansa, ba ta san sunan Mahaliccinta ba, ba ta san an mutu dominta ba, kuma ba wanda ya iya gaya mata.

3. Ƙidayar kurame

Likita Kogswel ya daɗe yana neman hanyar ilimantar da 'yarsa. A duk ƙasar Amurka ba wata tsayayyar makarantar kurame a lokacin. Masu dukiya ƙalilan su kan aika 'ya'yansu ƙetaren teku zuwa Birtaniya, sauran kuwa su zauna a gida cikin duhu. Da ikonsa ya iya aika Alis ita ma, ya huta. Amma ya tuna da 'ya'yan waɗansu.

Sai ya yi wani abu na hikima. Ya roƙi taron fastocin jihar su bincika, kowa a cikin yankinsa, su kawo yawan kuramen da ke wurinsu. A 1812 aka kawo lissafi, kurame 84 a Konetikat kaɗai. Daga wannan aka ƙiyasta za a sami kamar 400 a jihohin yankin, da kamar 2,000 a ƙasar duka. Kafin ƙidayar kowane gida yana tsammani shi kaɗai ne abin ya sama, yana ɓoye ɗansa don kunya. Bayan ƙidayar ba mai iya cewa ba su kai a buɗe musu makaranta ba.

Ka ga, masu aikin ikilisiya ne suka yi wannan bincike, gida gida, gama su ne suka san jama'a. Makiyayin da bai ƙirga tumakinsa ba, yaya zai san wata ta ɓace?

Ran 13 ga Afrilu, 1815, Kogswel ya tara manyan garin a gidansa. Suka yi addu'a, suka shirya a aika mutum zuwa Turai ya koyo yadda a ke koya wa kurame, suka kuwa tara kuɗin tafiyar ba da jinkiri ba. Aka roƙi Galodet ya tafi. Ya yi kwanaki yana tunani da addu'a, sa'an nan ya yarda. A watan Mayu ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila.

4. Ƙofofin da aka rufe masa

A Birtaniya koyar da kurame yana hannun wani iyali mai suna Breidwud. Hanyarsu ita ce su koya wa kurma furta magana da karanta leɓen mai magana. Amma sun mai da ilimin nan asirin gida, abin neman kuɗi. A makarantar Landan, wadda wani ɗan'uwansu ke shugabanta, aka ce sai ya yi musu aiki shekara 3 a matsayin ƙaramin malami kafin a sake shi. Ya ga waɗanda suka aiko shi ba su da kuɗin wannan jira, yaran da ya bari a gida kuma suna ta girma. Ya tafi Edinbara a ƙasar Sikotland. Shugaban makarantar can ya karɓe shi da fara'a, amma ya riga ya ɗaure kansa da alkawari ga iyalin nan, cewa in ya koya wa wani hanyarsu zai biya tarar fam 1,000. Haka watanni suka shuɗe, guzurinsa yana ƙarewa, bai sami abin da ya zo nema ba.

Ɗan'uwana, wannan abin tsoro ne a gare mu duka. Mutanen nan suna aikin kirki, gama suna koya wa kurame. Amma son riba ya sa suka kulle rijiya, yara dubbai suna ƙishi a wani gefen teku. Duk abin da ka sani na amfani, ko karatu ne, ko sana'a, ko magani, Allah ne ya ba ka amana. Ubangijinmu da ya aiki almajiransa ya tuna musu cewa ba su saya ba, don haka kada su sayar. Ma'aikaci ya cancanci ladansa, gaskiya ne, amma wanda ya ɓoye ilimi har mabukaci ya hallaka zai ba da lissafi.

5. Malami ya zama almajiri

Tun yana Landan Galodet ya halarci wani taro inda wani fada na Faransa, mai suna Sikar, ya kawo almajiransa biyu kurame, Masiyu da Loran Kiler. Jama'a su kan yi tambayoyi masu wuya a kan Allah da rai da godiya, a mayar musu da alamun hannu, su kuwa su rubuta amsa a allo, amsar da ta kan ba masu ilimi mamaki. Sikar shi ne shugaban makarantar kurame ta Faris, wadda wani fada mai suna Delefe ya kafa wajen 1760, ya karɓi 'ya'yan matalauta, ya koya wa duk wanda ya zo koyon hanyarsa ba tare da ɓoye kome ba. Sikar ya gayyaci Galodet. Da ƙofofin Birtaniya suka rufe, sai ya haye zuwa Faris a watan Maris, 1816.

A can, mutumin da ya gama Yel da Andoba ya zauna a aji tare da ƙananan yara, yana bi daga ajin ƙasa zuwa na sama. Malamansa na maganar hannu kuwa kuramen nan biyu ne. Bai ce ai ni mai ji ne, yaya kurma zai koya mini, ba. Bai ce ai su 'yan Katolika ne, ni kuwa ba na cikinsu, ba. Ya ga suna da abin da ba shi da shi, ya ƙasƙantar da kansa ya karɓa.

Bayan 'yan watanni kuɗinsa ya kusa ƙarewa, ya kuwa san ilimin da ya samu bai isa kafa makaranta ba. Sai ya roƙi Kiler ya bi shi Amurka. Shi Kiler an haife shi a 1785, bai san ji ba tun yana jariri, yana da tabon ƙuna a kumatu daga faɗawa wuta da ya yi yana ɗan shekara guda. Shi ne malamin babban aji a Faris, ana girmama shi. Ya bar wannan duka, da tsohuwarsa, da ƙasarsa, bisa yarjejeniyar shekara 3. Ashe zaman rai duka ne, gama a Amurka ya yi aure, a Hatfod ya koyar shekara 41, a can kuma ya rasu a 1869.

Suka tashi ran 18 ga Yuni, 1816, suka yi kwana 52 a kan teku. Ba su ɓata kwanakin ba. Kowace rana Kiler yana koya wa Galodet maganar hannu, Galodet yana koya masa rubutun Turanci. Suka sauka a Niyok ran 9 ga Agusta, kowannensu malami ne kuma almajiri ga ɗan'uwansa.

6. Makarantar Hatfod

Watanni da dama suka yi suna zaga garuruwa suna neman taimako. Galodet ya kan yi bayani, sa'an nan Kiler ya tsaya gaban jama'a ya amsa tambayoyinsu a rubuce. Wanda ya zo da shakka a kan hankalin kurma, ganin Kiler kaɗai ya ishe shi amsa. Majalisar jihar Konetikat ta ba da dala 5,000, jama'a kuma suka ba da nasu.

Ran 15 ga Afrilu, 1817, aka buɗe makarantar a ɗakunan wani masauki a Hatfod, da almajirai 7. Sunan Alis Kogswel ne na farko a littafin. Kafin shekara ta zagayo sun haura 30.

Ka dubi irin waɗanda aka karɓa. Akwai wanda aka haifa kurma, akwai wanda ciwo ya kurmantar. Akwai yara, akwai samari da 'yan mata, har da wani mai zanen hotuna, Yohanna Burusta, wanda ya shiga yana da shekara 51, ya zauna a aji da waɗanda ya isa haifa. Ba a ce masa lokacinsa ya wuce ba. Kowane sabon almajiri sai an zauna da shi, an lura da alamun da ya zo da su daga gida, da abin da ya riga ya gane, domin a san inda za a fara da shi. Alamun gida na yaran nan suka gauraya da waɗanda Kiler ya kawo daga Faransa, daga nan maganar hannu ta Amurka ta tsiro.

Sauran matsala ɗaya, ita ce ta kuɗi, gama yawancin kurame 'ya'yan talakawa ne. A 1819 Majalisar Ƙasar Amurka ta ba makarantar fili mai faɗin kamar eka 23,000 a Alabama, aka sayar aka yi mata asusu. A shekarar kuma jihar Masacusat ta fara biya wa 'ya'yan matalautanta, jihohin maƙwabta suka bi sawunta. Da haka talauci ya daina zama shinge ga yara da yawa.

Abin da ya fi faranta wa Galodet rai shi ne sujada. Ya kan tara almajiran ya yi addu'a da wa'azi da hannuwansa da fuskarsa, ɗakin shiru, ba a jin kome, idanu duka suna kansa. Waɗanda a dā ba su san dalilin da ya sa iyayensu ke durƙusawa ba, yanzu su da kansu suna roƙon Uba cikin sunan Yesu, da harshen da Allah ya ba yatsunsu.

A 1821 ya auri Sofiya Faula, ɗaya daga cikin almajiran farko, wadda aka haifa kurma, ta kuwa shiga makaranta tana da shekara 19. Suka haifi 'ya'ya 8. Mutum ya iya yin wa'azi cewa kurma daidai ya ke da kowa, amma wanda ya ɗauki kurma ta zama uwar 'ya'yansa ya sa hatimi a kan wa'azinsa.

7. Ƙarshen kwanakinsa

Shekara 13 ya riƙe makarantar, yana shugabanci yana kuma koyar da aji kowace rana, har jikinsa ya gaza. Ya sauka a 1830. A ƙarshen shekarar nan baƙin ciki ya same shi. Likita Kogswel ya rasu a watan Disamba, bayan kwana 13 kuma Alis ta bi mahaifinta, tana da shekara 25. Ba ta yi tsawon rai ba, amma ta bar duniya tana karatu, tana rubutu, ta kuwa san Wanda za ta wurinsa.

Galodet bai zauna hannu sake ba. Ya rubuta littattafai domin yara a kan rai da kan labarun Littafi Mai Tsarki, aka juya waɗansu zuwa harsuna da dama. Daga 1838 ya zama mai hidimar ruhaniya a asibitin masu taɓin hankali na Hatfod, ya kan kuma ziyarci 'yan kurkuku. Ka ga halin bai sake ba, kullum wurin waɗanda jama'a suka fid da rai a kansu ya ke nufa.

A watan Satumba, 1850, kurame da yawa waɗanda suka yi karatu a makarantar suka taru a Hatfod daga jihohi dabam dabam. Manoma ne da kafintoci da masu ɗinkin takalma da malamai da matan aure. Da kuɗin guminsu suka sayi buta da faranti na azurfa, suka ba Galodet nasa, suka ba Kiler nasa. Bayan shekara guda, ran 10 ga Satumba, 1851, Galodet ya huta daga wahalarsa, yana da shekara 63. Makarantarsa tana nan har wa yau a Hatfod ta Yamma.

8. Yadda aikin ya iso ƙasarmu

'Ya'yansa biyu suka ɗauki kayan ubansu. Babban, mai sunan uban, ya kafa ikilisiyar kurame a Niyok a 1852. Autan, Edwad, ya tafi Washintan tare da mahaifiyarsa a 1857 domin ya riƙe wata ƙaramar makarantar kurame. A 1864 Shugaba Linkon ya sa hannu ta zama kwaleji, a 1894 kuma aka sa mata sunan Galodet. Yanzu jami'a ce. A harabarta akwai mutum-mutumi na Galodet da Alis, yana koya mata harafin farko da yatsu.

A 1954 wani baƙar fata mai suna Andarawus Fosta ya sami digirinsa a kwalejin nan, shi ne baƙin mutum na farko da ya yi haka. Sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana da shekara 11. Ya ji kiran Allah zuwa Afirka. A 1957 ya buɗe makarantar kurame a ƙasar Gana, a 1960 ya buɗe wata a Ibadan, daga baya kuma a Kaduna da Inugu. Kafin rasuwarsa a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu wajen 30 a ƙasashe 13, har da Cadi da Kamaru. Dā ma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni, wadda su ke ciniki da hira da ita a kasuwanninmu. Abin da makarantu suka ƙara musu shi ne karatu da rubutu. Ka duba fa nisan tafiyar, daga tsinken da ya yi zane a ƙasa a Hatfod har zuwa allon aji a Kaduna.

9. Abin da ya wajaba a kanka

Yanzu, ɗan'uwana, labarin ya zo ƙofarka. Ga abin da ya kamata mai bin Almasihu ya yi.

Da fari, kada ka raina kurma, kada kuma ka bar yaranka su yi masa ba'a. A Littafin Firistoci sura 19 Allah ya hana a zagi kurma, ko da ya ke ba zai ji zagin ba, gama Allah yana ji. A Fitowa sura 4 ya tuna wa Musa cewa mai magana da bebe da kurma da makaho duk aikin hannunsa ne. Kurumta ba alamar la'ana ba ce, ba kuwa aikin maita ba. Sau da yawa ciwo ne ke jawo ta, kamar sanƙarau, wanda mu ka sani a lokacin zafi, da ƙyanda, da mugunyar kunne da aka bari ba magani. Wata kuwa gado ce. Domin wannan ka kai 'ya'yanka rigakafi, kunnen da ke zubar da mugunya kuma ka kai shi asibiti.

Na biyu, ka zama mai lura. Jaririn da ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, wanda ya kai wata 6 ba ya juyowa ga muryar uwarsa, wanda ya kusa shekara 2 bai fara kalma ba, ko yaron da ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani ya daina amsa kira, kada a ce taurin kai ne, kada kuma a ce a jira. A kai shi babban asibiti, inda a ke auna ji da na'ura, har na jariri yana barci ana iya aunawa. Awon zai nuna ko kunne ɗaya ne ko biyu, ko jin ya ragu ne ko ya tafi duka. Mai ragowar ji sau da yawa na'urar ƙara ji ta kan taimake shi, ya zauna a gaban aji ya yi karatu da sauran yara. Wanda jinsa ya tafi sosai yana bukatar maganar hannu tun da wuri, da makarantar da a ke koyarwa da ita, irin ta Tudun Maliki a Kano. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, shekarun farko kuwa su ne na kama harshe.

Na uku, ka rarrabe tsakanin awon kunne da awon hankali. In malami ya yi wa kurma tambaya da baki, yaron bai amsa ba, kunnensa aka gwada, hankalinsa yana nan ba a taɓa ba. Sai wanda ya iya maganar hannu ya zauna da shi, ya nuna masa, ya ba shi lokaci, sa'an nan a san iyakar ganewarsa. Kada ka yarda a rubuta ɗanka ko ɗan maƙwabcinka cikin waɗanda ba su iya koyo bisa ga gwajin da bai gane tambayarsa ba.

Na huɗu, ku yi ƙidaya kamar fastocin Konetikat. Ku zauna da dattawan ikilisiyarku, ku lissafta kuramen da ke garinku da ƙauyukan kewaye, na Kirista da na Musulmi da na kowa, ku san shekarunsu, ku san wanda ke makaranta da wanda ba ya zuwa. Ku kai lissafin wurin hukumar ilimi. In kuɗin mota ko na kayan makaranta ne ya hana wani, ku haɗa hannu.

Na biyar, ka koyi maganar hannu, ko kaɗan ce, ka kuwa koye ta daga wurin kurma, yadda Galodet ya zauna a gaban Kiler. A Markus sura 7, sa'ad da aka kawo wa Yesu wani kurma mai nauyin baki, ya janye shi daga taro su biyu, ya sa yatsunsa a kunnuwansa, ya taɓa harshensa, ya ɗaga ido sama, duk abubuwan da mutumin ya iya gani ya gane, kafin ya warkar da shi. Ubangiji ya yi masa magana ta hanyar da ta isa gare shi. Mu ba a ba mu ikon buɗe kunne da kalma ba, amma an ba mu hannuwa da idanu da haƙuri.

Akwai wata Alis a unguwarku, tana tsaye waje ɗaya sa'ad da yara ke wasa. Kada ka jira Bature, kada ka jira mai kuɗi. Ka je wurinta a wannan mako, ka gai da iyayenta, ka fara da abin da ke hannunka. Allah ya ba mu zuciya irin ta bawansa Toma Galodet, ya sa kada ko ɗaya daga cikin ƙananan nan ya rasa sanin Mai Cetonsa sabili da sakacinmu. Amin.